Na Je Makka Neman Rumawa

Birnin Kudu zuwa Kano

Tun kafin ladan ya yi kiran farko muka fito, ni da Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, da 'yan rakiya da suka fi mu ɗoki. Gwaggo ce mai tafiya, ni muharrami ne. Ta sayar da shanun da ta gada, ta duba 'ya'yan ƙannenta ta ga ni kaɗai ne zan iya karanta allo in kuma yi rigima da ma'aikata, sai ta ce in nemi hutu a makaranta. Amma gara in faɗa muku tun yanzu, a ƙarƙashin niyyar Hajji ina da wata 'yar ƙaramar niyya tawa.

Ni malamin tarihi ne, ciwona kuma Rumawa. Wani Bature da ya koyar da mu a kwaleji ya bar mini littafi mai hotunan gine-ginensu na Kustantiniya, da irin zanen da suke jerawa a bango da ƙananan duwatsu masu launi. Tun daga ranar ban warke ba. Ɗalibaina "Sarkin Rum" suke ce mini a bayan ido, suna tsammanin ban sani ba. To a karance-karancena na ci karo da cewa halifofin farko, da za su faɗaɗa masallacin Makka, daga Sham da Masar suka sa aka kwaso ginshiƙan marmara ta teku. Sham da Masar kuwa a hannun Rumawa suke kafin nan. Ke nan ba mamaki hannun wani Barume ne ya sassaƙa wasu daga ciki. Ga shi alhazan bara sun ce ana ta rushe tsohon gini ana yin sabo. Na ce in ban gani bana ba, shi ke nan.

Motar gyaɗa muka samu mai zuwa Kano. Direban ya ba Gwaggo gaba, ni kuma kan buhu. Da muka tsaya a gadar Wudil 'yan doka suna duba takardun mota, na sauko na fara yi wa direba bayanin ginshiƙan. Gwaggo ta leƙo ta taga.

"Rabu da shi, direba. Ga zanen mutanen da a duwatsun bayan garinsu, ko leƙawa bai taɓa yi ba. Sai na arnan bayan teku."

"Gwaggo, ilimi ne fa."

"Ilimin ya zo ya riƙe mini buta."

A sansanin alhazai na Kano aka yi mana allura, aka auna kaya. Rabin kayan Gwaggo daddawa ce da kuka da kilishi, tsarabar Baba Sale. Baba Sale ƙanin marigayi mijinta ne. Tun zamanin yaƙi ya bar gari da ƙafa shi da jaki ɗaya, ya nufi gabas. Shekara ashirin da wani abu ba a sake ganinsa ba, sai dai alhazai su dawo su ce yana nan a Makka, ya yi aure, ya haihu, yana gaida kowa.

Kano zuwa Jidda

Jirgin mai farfela ne, ƙararsa kamar injin niƙa goma a ɗaki guda. Gwaggo ta rufe ido tun daga tashi, ta ce kada wanda ya yi mata magana sai an taka ƙasa. Kusa da ni wani dillalin shanu ne mutumin Azare. Da za mu sauka shan mai a Hartum na hango kogin Nilu, na dafa shi na ce wannan ruwan da yake gani har Iskandariyya yake zuwa, birnin da masana suka cika tun kafin Rumawa. Ya leƙa, ya ce, "Ana kasuwar shanu can?" Na ce ban sani ba. Ya ce to.

A Jidda zafi ne mai danƙo, kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Wakilin muɗawwifi, wato mai masaukin da aka danƙa mu a hannunsa, ya karɓe fasfo ɗinmu duka ya zuba a buhu. Muka kwana biyu a zangon alhazai, sannan aka loda mu a bas. A hanya akwai shingen da ba a barin wanda ba Musulmi ba ya wuce. Askar, wato ɗan sandansu, ya hau ya ƙare mana kallo ya sauka. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne duwatsun Rumawa sun bi ta nan ba wanda ya ce su yi kalmar shahada. Na yi dariya ni kaɗai cikin harami, Gwaggo ta harare ni.

Makka

Zan faɗi wannan don kada ku ɗauke ni ɗan iska gaba ɗaya. Da na ɗaga ido na ga Ka'aba, sai na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Yini guda cur ban tuna da wani Barume ba.

An sauke mu a unguwar Misfala, a wani ɗaki da in ka juya sai ka nemi gafarar mutum uku. Can Baba Sale ya same mu. Dogo ne, siriri, da ƙatuwar kanta a tsakar ka da kafaɗu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon Gwaggo.

"Matata, haka kika tsufa?"

"Kai kuma wa ya cinye naman jikinka? Jakin ma ya fi ka kyan gani ranar da kuka tafi."

Suka yi dariya, sai kuma dukansu suka fashe da kuka. Ta faɗa masa waɗanda suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Allah ya jiƙansu har muryarsa ta dushe.

Sana'arsa ɗaukar tsofaffi ɗawafi. Wani gado ne na katako da igiya, shibriyya suke ce masa, mutum huɗu ke ɗora shi a ka su zaga da tsoho. Gwaggo ta gani ta ce ba ta mutu ba ba mai sa ta a makara. Da ta gwada zagaye ɗaya da ƙafa cikin turmutsitsi, da kanta ta nemi makarar.

Ya kai mu gidansa a unguwar Mansur. Ku yarda da ni, in aka rufe maka ido aka ajiye ka can, za ka rantse a Fagge kake. Ga mai ƙosai, ga mai tuwo, ga mai gyaran takalmi yana zagin wani da Sakkwatanci. Matarsa Inna Zulai a Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. 'Yan matansa biyu kuwa sai dai su ji, in za su amsa da Larabci suke amsawa. Na gaishe su da Larabcina na littafi, suka ruga bayan labule suna ƙyalƙyala.

A nan na fahimci zaman da yake yi. Inna Zulai da 'ya'yan suna da abin da za su nuna in an tambaya, shi ba ya da komai.

"Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, Malam," in ji shi. "Ni a wurin hukuma ban iso ba tukuna. Lokacin Hajji suna kau da kai, don suna bukatar mai ɗaukar tsofaffi. Sharaɗin dai kada a ji ka, kada a gan ka. In aka kama ka, tarhil ne. A sa ka a mota sai Jidda, sai ƙasarku."

"Shekara ashirin a haka?"

"Ai na iya. Ko tari ba na yi kusa da askar."

Kwanakin da suka rage kafin Arfa na yi su ne kaina a sama. Alhazan bara ba su yi ƙarya ba. Sabon gini ya kewaye tsohon, injuna na ta gurnani, ƙura ko'ina. Amma tsofaffin rumfunan suna nan da ginshiƙansu, ba biyu da suka yi kama. Ina bin su ɗaya-ɗaya ina cin karo da masu salla, ana zagina da harsunan da ban taɓa ji ba. Can ta ɓangaren ƙofar da muke shiga na same shi. Farin marmara, a samansa an sassaƙa ganye mai tsaga-tsaga kamar na gwanda, yana lanƙwasowa waje. Irinsa sak yana cikin littafina. Matsalar ita ce ya yi mini nisa, idona ba ƙarfi, an kuma shafe shi da farar ƙasa.

Arfa da Mina

Ba zan tsawaita a nan ba, kun sha ji. Rana ta gasa mu, muka yi addu'a, muka tsinci tsakuwa. Gwaggo ta jefi Shaiɗan da tsakuwa, ta ga bai ishe ta ba ta ƙara masa da takalmi, muka dawo tana tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Aka yi mini aski, na zama Alhaji. Na so a ce hankali ya zo tare da sunan.

Ginshiƙin

Muna dab da barin Makka, da hantsi, Baba Sale da abokan aikinsa uku suka gama zagayawa da Gwaggo suka sauke ta a inuwar rumfa, daidai gindin ginshiƙina. Na dubi gadon nan a ƙasa ba kowa a kai, na dubi ganyen nan a sama. Na ja Baba Sale gefe.

"Baba, ɗan ɗaga ni za ku yi. Kallo ɗaya in sauko."

"Malam, ka ga askar can?"

"Kafin ya juyo na gama."

Ya sake duban askar ɗin. Ni baƙonsa ne, ɗan gidansu kuma, ya ji nauyin ya ce a'a. Ya ce, "Yalla, amma da sauri."

Suka ɗaga ni, na miƙe tsaye a kan gadon, na rungumi dutsen da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kai kan ganyen. Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. Na kankare farar ƙasar da farce, sai ga 'yan ramuka a jere tsakanin tsagar ganyen, inda mai sassaƙar ya huda da abin aikinsa. Mutumin da ya mutu fiye da shekara dubu, a wani gari na bakin teku, yatsana yana inda yatsansa ya zauna. Na manta da askar, na manta da kawunan da ke ƙarƙashina. Ina ta shafawa ina magana ni kaɗai.

Abin da ya faru a ƙasa daga baya aka ba ni labari. Wata mata cikin ayarinmu ta tambayi Gwaggo me Malam yake yi a sama. Gwaggo, wadda tun daga gida take yi mini ba'a, yanzu da ta ga abin da idonta sai ta canja shawara. Ta ce, "Yaron nan ya karance littattafan duniya. In ba albarka ya gano a wurin ba, me zai sa ɗan boko ya hau makara da ransa?" Ta miƙe ta shafi ginshiƙin ta shafa a fuska.

Shi ke nan. Matan ayarinmu suka taso. Dillalin shanu na Azare ya cire hularsa ya jefa sama don ta taɓo ganyen. Alhazan ƙasar Jawa suka gani suka zo, Turkawa suka zo, wani tsoho ya ɗaura rawaninsa a kan lema yana miƙowa. Da na duba ƙasa ban ga dutse ba sai hannuwa, wata ma ƙafata take shafawa. Na shiga ihu, "Ba albarka ba ce! Tarihi ne!" Suka ɗauka addu'a nake ja, suka amsa da amin.

Sai ga askarawa da sanduna, suna "Haram ya hajji! Haram!" Abokan aikin Baba Sale uku suka saki gadon suka nutse cikin taro, don su ma ba mai takarda a cikinsu. Gadon ya kife. Na rage a rataye, hannuwana biyu a kan ganyen Rumawa, ƙafafuna na lilo. Sai na ji kafaɗu sun shigo ƙarƙashin tafin ƙafata. Baba Sale ne. Yana da damar gudu kamar sauran, amma in ya gudu a kan marmara zan faɗo da ƙeya. Ya tsaya ya sauko da ni a hankali, yana sauke ni askar na riƙe masa wuyan riga.

Ni da na ambaci sunan muɗawwifinmu, aka daka mini tsawa aka sake ni. Shi aka tafi da shi.

Ofishin askar

Inna Zulai ba ta zage ni ba, na so ma ta zaga. Ta ce, "Ya ustaz, gobe da sassafe ka je wurin babbansu. Kai mai fasfo ne, za ka shiga. Ka ce kai ka tilasta shi, ka ce rana ce ta buge ka. Halas, shi ke nan. Kada ka yi masa dogon bayani."

Na je da sassafe. Hafsan saurayi ne mai fara'a, ya nuna mini kujera, ya sa aka kawo shayi. Ku kun san tarbiyyarmu, ba a shiga wurin babba a fara da bukata. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiyar aikin Hajji, na yi wa hukuma addu'a. Sannan na ce jiya rana ce ta buge ni.

Ya yi murmushi. "Ustaz, wanda rana ta buga ba ya ɗaukar ma'aikata huɗu. Me ka gani a can sama?"

Na yi niyyar in yi shiru, wallahi na yi. Amma tun da nake ba a taɓa yi mini wannan tambayar da gaske ba. Na ce masa ganye. Ya ce wane iri? Ashe a Masar ya yi karatu, ya taɓa zuwa Iskandariyya, ya ga irin ginshiƙan da idonsa. Bai ji haushi ba ko kaɗan, daɗi ma ya ji. Ya ce shi a ganinsa daga Sham aka kawo su, na ce Masar ta fi kusa da teku, muka yi ta gardama kamar tsofaffin abokai. Aka kawo shayi na biyu. A tsakar gidan wata babbar mota ta yi ta ƙugi, har ya tashi ya rufe taga don mu ji juna. Raina fes, ina cewa a zuci ai na gama da wannan, mutumin ya zama nawa.

Da na ga hira ta nuna, na gyara zama na ce, "To ranka ya daɗe, dama maganar dattijon nan ce da aka kama jiya, Sale."

Fuskarsa ta canja. Ya kira wani askar ya tambaye shi, ya juyo ya dube ni.

"Motar da ka ji ɗazu, su ne. An wuce da su Jidda. Ustaz, me ya hana ka faɗa tun da ka shigo? Yana tsakar gidan nan, da kalma ɗaya zan sauke shi. Yanzu ya fita hannuna."

Ban san yadda na koma Mansur ba. Na faɗa wa Inna Zulai yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Shayi nawa ka sha?" Na ce biyu. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ƙaramar 'yar ce ta fito ta tsaya tana yi mini magana da Larabci da sauri-sauri tana kuka, ban gane ko rabi ba, kuma ban nemi a fassara mini ba.

Madina da Jidda

Fasfo yana hannun muɗawwifi, in ya ce a tashi sai a tashi. Aka kwashe mu zuwa Madina. Hanya doguwa ce, rairayi da duwatsu, da rumfunan shayi inda ake sayar da soyayyen kifi. Gwaggo ba ta yi mini ba'a ko sau ɗaya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ce ita ta fara shafawa, na ce ni na fara hawa, muka bar maganar. A Madina ma akwai abin kallo a sama, ban ɗaga kai ba.

Da muka dawo Jidda na yi yawon ofisoshi har takalmina ya tsinke. Kowa ya ce ba nan ba ne. Ranar tashi, muna layin shiga jirgi, sai ga askarawa sun kawo wasu mutum kamar goma ba kaya a hannunsu, za a cike gurbin alhazan da suka rasu. Na uku a layin Baba Sale ne, da rigar da aka kama shi da ita.

Kusa da ni aka zaunar da shi. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Da aka kawo abinci ya ci nasa, ya ci nawa, ya yi barci.

Kano zuwa gida

A Kano maroƙa suka tare mu da kirari, har da shi, suna "Alhaji ya sha ruwan Zamzam!" Ya tsaya yana kallon garin kamar baƙo. Na ce masa ɗakina na waje nasa ne, gonar yayansa ma tana nan. Ya ce mu je tasha tukuna.

Motar Maiduguri muka samu, tun da ta garinmu take bi. Da la'asar sakaliya muka hango duwatsun Birnin Kudu. 'Yan tarya sun cika bakin hanya, labari ya riga mu cewa har da Sale. Tsofaffin da suka yi wasan ƙasa tare da shi suna ta leƙe. Na sauka, na sauko da Gwaggo, na sauke kaya, na miƙa masa hannu. Bai motsa daga kan buhun da yake zaune ba.

"Sauko mana, Baba, mun iso."

"Ku kun iso. Na yi magana da direba, zai kai ni Maiduguri. Daga can in tsallaka iyaka zuwa Lamy, sai Sudan. Na san hanya."

Gwaggo ta riƙe jikin motar. "Sale, ko kwana ɗaya. Ka ga kabarin yayanka, ka sha ruwan garinku."

"In na sauka ba za ku bar ni in hau ba, Asabe. Kuma ni ma ban yarda da ƙafata ba. Yara na can ba mai kai musu cefane."

Ta kwance ƙullin bakin zanenta ta tura masa duk abin da ya rage mata, na tuɓe rigata ta sama da takalmin da na saya a Jidda na miƙa masa. Ya karɓa bai yi musu ba. Mutane suna ta miƙo hannu yana gaisawa da su daga sama, yana kiran sunayen waɗanda ya gane. Direba ya tayar da mota. Sai ya sunkuyo ya kira ni.

"Malam, abin nan da ka hau dubawa. Ka dai gan shi da kyau?"

Na ce, "Na gan shi, Baba."

"Shi ne wanda kake nema?"

"Shi ne."

"To alhamdu lillahi. Kada a yi biyu babu."

Motar ta ja. Muka tsaya a bakin hanya, mu da maroƙa da masu guɗa, ba wanda ya san abin da zai yi da bakinsa.

Mun iso gida lafiya, Gwaggo ta sauke farali, mun gode wa Allah, mun gode wa duk wanda ya raka mu da wanda ya tarye mu. Roƙona ɗaya ne ga masu bin hanyar gabas ta ƙasa. In kun gamu da wani dogon dattijo mai kanta a tsakar ka, sanye da rigar da ta yi masa gajarta, ku rage masa hanya. Gida zai koma.